Shuɗiya Tsakanin Barcelona da Gent

Tun ƙarfe biyar da rabi na safiyar Asabar Wannes yake tsaye a lambunsa, ya ba arewa baya, ya zuba wa kudu ido. Gwangwanin masara na hannunsa. Kujera na nan kusa da shi, raɓa ta jiƙe ta, bai zauna ba.

Jiya Juma'a da ƙarfe tara aka saki tantabarun tsere a Barcelona. Dubbai ne, kowace da gidan da za ta nufa. Ɗaya daga cikinsu nan za ta zo. Daga inda aka buɗe kwandunan zuwa katakon da tantabarunsa ke sauka a kai, a gefen Gent ta arewa, kilomita dubu ɗaya da tamanin da huɗu ne da mita ɗari shida da sha biyu, idan an ja layi ɗoɗar ta sama. Haka aka rubuta a takardar ƙungiyar masu tantabaru. Shi ma ya sake aunawa da kansa, don safiyo ne, awon ƙasa shi ne abincinsa. A wannan tsere ba wadda ta riga sauka ce ke ci ba. Nisan gidanka ake dubawa, a duba lokacin da tsuntsuwarka ta ɗauka. Shi ya sa kowane mai tantabaru ya haddace lambarsa kamar ranar haihuwarsa.

Amma Wannes ya riga ya cire cin tsere daga ransa. Ta dawo kawai. Ko ita ce ta ƙarshe, ta dawo da ranta.

Don ba tasa ba ce. Shuɗiya ta ubansa ce, Kamiel, wanda ya yi shekara arba'in da bakwai yana kiwon tantabaru a ƙauyensu kusa da Oudenaarde. Bara ɓarin jikin tsohon ya shanye. Aka kai shi gidan kula da tsofaffi, aka sayar da gidan ƙauye, aka rushe ɗakin tantabarun. Wannes ya kwaso tsuntsayen zuwa Gent. Ranar da zai kwashe su, tsohon ya damƙe masa wuyan hannu da hannunsa mai lafiya, ya ce cikin maganarsa da ta yi nauyi, "Sauran ka yi yadda ka ga dama. Shuɗiya kar ka sa ta a kwando. Sau biyu ta dawo mini daga Barcelona. Ta gama nata."

Ranar Litinin ɗin nan ya sa ta a kwandon tsere.

Ƙofar kicin ta buɗe. Liesbet, matarsa, ta fito da kofi, ta ratso ciyawa da silifas.

"Karɓi ka sha tun da zafi. Wuyanka zai ƙage, a binne ka kana kallon sama."

"Ajiye."

"A ina? A kanka?"

Ya karɓa. Bai sha ba. Ta tsaya gefensa ta kalli inda yake kallo. Ba komai sai bututun hayaƙin maƙwabta da wani farin layi da jirgi ya bari.

"Ka gaya wa Baba?"

"Idan ta dawo, me zan gaya masa?"

"Idan ba ta dawo ba fa?"

Ya girgiza gwangwanin sau ɗaya, ba don komai ba. Masarar ta yi ƙara. Tantabarun da ke kulle suka yi motsi a ciki. Liesbet ta koma.

Shi kansa ya san yadda abin ya faru, ba sai an tuna masa ba. A mashayar da ƙungiyarsu ke taruwa akwai Remi, tsohon mahauci, abokin hamayyar Kamiel na shekara talatin. Tun farkon bazara Remi ya sa shi gaba. Duk ranar da Wannes ya shigo sai ya ɗaga kofin giyarsa.

"Ga safiyo! Ɗan Kamiel, ka auna Barcelona har da mita, amma ko ƙuda ba ka taɓa aikawa can ba."

A yi dariya.

"Ka gaji zakanya ka mai da ita kazar ƙwai. Bana me za ka yi da ita, wainar ƙwai?"

A sake dariya. Wannes ba mai baki ba ne. Ya kan biya kofinsa ya fita, maganar ta bi shi har gida.

Kuma ya yi lissafinsa, ba da ka ya yi ba. Wata goma sha huɗu Shuɗiya ta yi a wurinsa. Da farko ya tsare ta cikin raga. Daga baya ya buɗe mata, ta zaga unguwa ta dawo, ta sake zagawa ta dawo. Ta yi ƙwai biyu a ɗakinsa, ta kwana goma a kansu. Kowa ya san macen da aka ɗaga daga kan ƙwai kamar kibiya take komawa. Me ya rage?

Da ya ajiye kwandon a kan tebur ranar Litinin, Remi ya leƙa, dariyarsa ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon tsuntsuwar.

"Kamiel ya sani?"

"Ya sani," in ji Wannes.

Hantsi ya ɗaga. Wayarsa ta fara kawo labari: an samu ta farko a kudancin Faransa tun asuba, sai wasu biyu, sai ta farko a ƙasar nan. An ce hadari ya tare su a kan tsaunuka jiya da rana. An ce bayan tsaunukan iskar arewa ce ta yi ta dukansu a ƙirji. Yana karantawa yana ɗaga kai, kar ya rasa komai a sama. Sau biyu wani ɗigo ya taso daga kudu, ɗigon ya zama hankaka.

Sha ɗaya da minti goma Remi ya bugo.

"Safiyo! Baƙin tsuntsuna ya sauka. Ƙashi da gashi, amma ya sauka. Kai fa?"

"Tukuna."

"Af. To ai kai ka fi ni nisa da kilomita tara, kana da sauran lokaci." Da ya sake magana babu tsokana a muryarsa. "Tsohuwar ta san hanya. Kar ka bar wurin."

Bai bari ba. Liesbet ta kawo masa burodi da cuku, ya ci a tsaye. Rana ta take, rufin ɗakin tantabarun ya fara warin kwalta. A bayan wata takarda ya yi ta lissafi: idan tana cin mita ɗari tara a minti, aka cire hutun dare, da azahar za ta iso. Azahar ta wuce. Ya rage zuwa ɗari takwas. Ya rage zuwa ɗari bakwai. Duk lambar da ya rage sai ya ga tsuntsuwar a wani wuri dabam: a gonar inabi, fiffike a karye, a gefen titi, a bakin kare.

Ƙarfe huɗu wayar ta sake ƙara. Sunan ubansa ya gani.

"Baba."

"Iskar arewa," in ji Kamiel. Kalmomin na fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana jan su da igiya. "Yarinyar nan mai ba ni magani ta karanta mini. Bana za a yi asara."

"Haka aka ce."

"Remi ya samu?"

"Ya samu ɗaya."

"Tsohon banza." Numfashi. "Shuɗiya na kan ƙwai?"

Wannes ya kalli ɗakin. Ta cikin raga yana hango gurbin. Namijinta ya gaji da jira tun shekaranjiya, ya tashi. Ƙwai biyu farare na nan a fili.

"Tana kansu."



"Ka canza musu ruwa," in ji tsohon. "Zafin nan." Ya kashe.

Har duhu ya rufa babu komai. Washegari Lahadi ya koma inda ya tsaya jiya, sawunsa na nan a kan ciyawar. Yanzu ba ya lissafi. Kararrawar coci ta buga bakwai, ta buga takwas. Ya fara tsara yadda zai faɗa wa tsohon da ƙarfe uku, lokacin da ya saba kai masa ziyara. Duk yadda ya juya maganar, ba ta da gefe mai kyau.

Tara saura kwata wata lamba ta kira shi.

"Malam Wannes? Nele ce, wadda ta sayi gidan babanku. Ka yi haƙuri da kiran safiyar Lahadi."

"Ba komai. Bututun ruwan ne kuma?"

"A'a. Wata tantabara ce. Tun jiya da hantsi take kan rufinmu, ta ƙi tafiya. Ta ɓata mini zanen gado biyu da na shanya. Sai ta sauko kamar za ta sauka a lambu, sai ta koma. Kyanwarmu ta ƙi cin abinci, tana zaune tana lasar baki. Mijina ya ce a watsa mata ruwa da tiyo, na ce bari in tambaye ka tukuna, ko cikin naku ce."



"Wane launi?"

"Toka-toka. Shuɗi-shuɗi. Launin tantabara dai. Da zobe a ƙafa."

"Kar ku watsa mata komai. Ku kulle kyanwar. Don Allah ku kulle ta yanzu."

Tun jiya da hantsi. Yana nan yana ƙirga mita, ita tana can, kilomita ashirin da biyar kafin lambarsa ta cika. Ya ɗauki kwando da gwangwanin masara, ya yi waje ko rigar sama bai sa ba. Liesbet ta biyo shi da makullin mota, don ya manta.

Hanyar da ya yi shekaru yana bi ce, yau sai ta ƙi ƙarewa. Masu keke na Lahadi sun cika titin ƙauye, garke-garke, riguna masu ƙyalli. Ya bi bayansu yana cizon leɓe.

Gidan yana nan yadda yake, sai dai an sake wa ƙofa fenti. Nele ta tare shi da jariri a kafaɗa, ta bi da shi ta gefe zuwa lambu. Itacen tuffa na nan. Inda ɗakin tantabarun yake a da, yanzu wani ƙaton faifan tsalle na yara ne a girke, zagaye da raga.

Ya ɗaga kai. Tana can a tsororuwar rufi, kusa da bututun hayaƙi. Ta kumbura gashi, ta shigar da wuya, fiffike ɗaya ya ɗan zubo. Rabin yadda ya san ta.

"Shuɗiya," ya ce a hankali. Ya girgiza gwangwanin. Ya yi fito irin na ubansa, gajere biyu da dogo ɗaya. Ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya, ta mai da kanta.

Ya girgiza. Ya yi fito. Ya watsa masara a ciyawa. Rabin sa'a yana abu ɗaya, har leɓensa suka gaji. Joris, mijin Nele, ya fito da kofi a hannu, ya tsaya yana kallo.

"Ba ta san ka ba ne?"

"Ta san ni."

"To ba ta ra'ayinka ke nan. Akwai tsani a gareji, idan kana so."

Ya san bai kamata ba. Ya sha jin ubansa yana cewa ba a bin tantabara, ita ke bin mutum. Amma rana na ƙara zafi a kan rufin, yana ganin bakinta a buɗe tana haki. Ya jingina tsanin, ya fara hawa. Yana kai kansa daidai indararo, ta miƙe, ta buga fiffike, ta tashi.

Tashin babu ƙarfi. Ta yi ƙasa-ƙasa ta kan gidan maƙwabta, ta fara zagaye da kyar. A nan ne ya tuna da hasumiyar coci. Shekara shida ke nan shaho biyu suka yi gida a can, masu tantabarun ƙauyen duk sun san su, duk sun yi musu Allah-ya-isa. Ya juya a kan tsanin. Wani baƙin abu ya rabu da hasumiyar, ya yi sama, ya tsaya kamar an rataye shi.

"A'a," in ji Wannes. "A'a, a'a."

Shahon ya haɗe fiffike ya faɗo. Ƙarar iskarsa kaɗai aka ji. Shuɗiya ta saki jiki kamar dutse, ta faɗa tsakanin bututun hayaƙi da rufi. Shahon ya wuce ta kan itacen tuffa, ya yi sama, ya koma hasumiyarsa. Gashi biyu suka sauko suna lilo.

Ya sauko. Da kyar ya hango ta: ta lafe a lungun bututun, kanta kaɗai ke motsi.

"Kai!" in ji Joris. Kofinsa ya zube masa a takalmi bai sani ba.

Nele ta gyara jaririn a kafaɗa. "Malam Wannes, ni ban san komai a kan tsuntsaye ba. Amma ba tsohon take nema ba? Oudenaarde ai minti goma ne."

"Bai san na aika ta ba."

"To yau zai sani," in ji ta. "Ko ka fi so ka gaya masa bayan shahon ya dawo?"

A gidan tsofaffin an fara raba abincin rana. Warin miyar kabeji ya cika baranda. Kamiel na zaune a keken guragu a bakin tagar ɗakinsa, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, farantin dankali a gabansa bai taɓa ba. Ya dubi ɗansa, ya dubi agogon bango.

"Ba uku kake zuwa ba?" Idonsa ya sauka kan hannun Wannes. "Ka zo mini da gwangwani."

Sai lokacin Wannes ya lura yana riƙe da shi.

"Baba, na aika ta. Shuɗiya. Na aika ta Barcelona."

Tsohon bai motsa ba.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Remi ya bugo mini tun Litinin. Yana yaba mini ƙarfin hali. Wai bai zaci zan yarda ba." Ya goge gefen bakinsa da ya karkace. "Jiya na tambaye ka ne in ji abin da za ka ce. Na ji."

Wannes ya rasa inda zai sa idonsa. Shekararsa arba'in da ɗaya, amma kunnuwansa suka yi zafi kamar na ɗan makaranta.

"Ta mutu?" in ji Kamiel.

"Tana kan rufinmu. Na ƙauye. Tun jiya. Ta ƙi sauko mini. Shaho ya kai mata sau ɗaya."

Tsohon ya rufe ido. Da ya buɗe, sun yi ja.

"Ina kake jiranta?"

"A Gent."

"A Gent." Ya yi wani sauti, ba dariya ba. "Idan ƙarfi ya ƙare, tantabara ba ta tuna gidan bara, yaro. Inda ta fara ganin sama take nufa. Wannan ba ya cikin takardarka." Ya fizge ƙyallen daga wuyansa. "Rigata. Cikin kabad."

Tsohuwar rigar aikinsa ce, toka-toka, doguwa har gwiwa, wadda bai taɓa shiga wurin tsuntsaye ba tare da ita ba. Ya hana a jefar da ita ranar da aka kawo shi. Wannes ya zura masa hannun da ya mutu, sannan mai lafiyar, ya ɗora masa hula. Ma'aikaciyar da ke kula da shi ta tare su a ƙofa.

"Baba Kamiel, ina zuwa? Ko cokali ɗaya ba ka ci ba."

"Zance zan je, 'yata. Wata ke jirana a kan rufi."

"Ka dawo kafin huɗu, ko in gaya wa sauran 'yan matanka."

Suka kama hanyar ƙauye a mota.

Da aka turo shi cikin lambun, bai kalli gidan ba, bai kalli itacen tuffa ba. Ya ɗaga kai ya nemo ta a lungun bututun, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi hasumiya. Sannan masarar da ke warwatse a ciyawa.

"Wa ya zuba wannan?"

"Ni."

"Wanda ya ratso ƙasa biyu cikin rana, masara yake nema? Ruwa. A faranti mai faɗi." Ya nuna faifan tsallen da haɓa. "Wannan abin kuma a ɗauke shi."

Joris ya buɗe baki, Nele ta harare shi, ya rufe. Shi da Wannes suka ciccibi faifan suka kai shi jikin shinge. A ƙarƙashinsa ciyawa ta yi fari, ga tubalan siminti huɗu a binne, ƙafafun tsohon ɗakin. Kamiel ya sa aka tura shi tsakiyarsu, aka juya shi yana fuskantar rufin. Aka ɗora masa farantin ruwa a cinya.

"Kowa ya shiga ciki."

"Baba, in tsaya ko da..."

"Kai ne na farko."

Suka taru a bayan tagar kicin. Kyanwar na kuka a wani ɗaki. Wannes ya dafa gilashin da goshinsa.

Ya ga tsohon ya tattara leɓe zai yi fito. Iska ce kawai ta fito, da yawu. Ya sake gwadawa. Haka. Ya zauna kansa a sunkuye, har Wannes ya kai hannu ga mariƙin ƙofa. Nele ta riƙe masa gwiwar hannu.

Kamiel ya tsoma yatsunsa cikin farantin. Ya ɗebo ruwan ya sake shi, ya ɗebo ya sake, yana walƙiya a rana. Bakinsa na motsi. Ta gilashin ba a jin abin da yake cewa, sai wani gunaguni mai kauri, iri ɗaya, ba tsayawa.

Minti biyar. Minti goma. Wannes na kallon rufi, yana kallon hasumiya, yana kallon rufi. Wani abu ya motsa a hasumiyar, ya kasa gane ko shahon ne ko inuwa.

Shuɗiya ta fito daga lungun. Ta taka a hankali har bakin indararo, ta tsaya, ta miƙa wuya. Ta koma baya taku biyu. Ta sake matsowa. Tsohon bai ɗaga kai ba, hannunsa kawai ke aiki.

Sai ta saki rufin. Ba tashi ba ne, faɗowa ce da fiffike a buɗe. Ta dira a kan ɗaya daga cikin tubalan, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Ta dubi rigar. Ta yi tsalle ɗaya zuwa kan gwiwarsa, ta nutsa bakinta cikin ruwan har ido, ta yi ta sha ba ta ɗago ba.

Da hannu ɗaya ba a kama tantabara. Kamiel ya jawo gefen rigarsa a hankali, a hankali, ya lulluɓe ta, ya danne da tafinsa. Farantin ya kife masa a ƙafa.

"Wannes," ya kira. "Kar ka yi gudu."

Wannes ya durƙusa a gaban keken ya zaro ta daga cikin rigar. Ba nauyi ko kaɗan, kamar ya ɗauki safar hannu. Ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa. A bayanta akwai inda shahon ya kwashe gashi, fatar ta yi ja amma ba ta tsage ba. Zuciyarta na bugawa a tafinsa. Ya riƙe ta yadda tsohon zai iya shafawa. Kamiel ya bi fiffiken da yatsa, gashi bayan gashi, ya buɗe bakinta ya leƙa.

"Za ta rayu," ya ce. Ya juya wajen Nele da ta fito. "'Yata, da ƙarfe nawa ta sauka jiya?"

"Goma da rabi, Baba. Ina shanya ke nan."

Leɓen tsohon suka yi motsi, yana lissafi. Wannes ma ya yi nasa, ya riga shi gamawa: ta fi tsuntsun Remi sauri. A nan babu na'urar da za ta karanta zoben ƙafarta. Ba inda za a rubuta.

"Sa ta a kwando," in ji Kamiel. Ya jira har aka rufe murfin. "Daga yau ba za ka ƙara buɗe mata ba. Raga kawai."

"Idan ta murmure fa? Ko zagayen unguwa..."

"Yanzu ta tuna hanya. Duk ranar da ka buɗe, nan za ta zo. Kyanwa na nan, shaho na nan, ni ba na nan."

"Har yaushe?"

"Har ta mutu. Shekara takwas, goma. Suna daɗewa."

Wannes ya dubi kwandon. Ta tsakanin saƙar yana ganin idonta, ja, tana kallon sama.

Joris ya taya shi ɗaga tsohon zuwa cikin mota. Kamiel ya ƙi a sa kwandon a baya, sai a cinyarsa, ya dafa murfin da hannunsa mai lafiya. Wandonsa a jiƙe yake har takalmi. Suka fito daga ƙauyen a hankali, suka wuce cocin. A mararraba Wannes ya kunna fitilar kwana ta hagu, hanyar Oudenaarde.

"Dama," in ji tsohon.

"Sun ce kafin huɗu, Baba."

"Gent. Sai na ga inda za ka kulle ta."